Tikitin Talatin ga Azumi

Shekara biyu ke nan Jorna ba ta yi Sallah a garinsu Kurigram, can arewa, ba, kuma 'yarta Tuni ta fara manta ta. Ba zato take yi ba, da kunnenta ta ji. In ta buga waya gida sai an yi ta lallashin yarinyar kafin ta karɓa, ta ce "lafiya lau" a gaggauce, ta ruga wajen wasanta. Tun Tuni na tatata Jorna ta bar ta a hannun Rehena, matar yayanta, ta zo birnin Gazipur tana ɗinka hannun riga a masana'anta daga safe har duhu. Uban yarinyar kuwa kada ma a ta da zancensa, ya tafi nema bai waiwayo ba.

Farkon azumi Rehena ta faɗa mata gaskiya. "Jorna, ni ban gaji da riƙonta ba, Allah ya sani. Amma bana ki daure ki zo. Yarinyar nan ta yi wayo, murya kaɗai ba za ta ishe ta ba."

To ai ba ƙin zuwa take yi ba. Masu masana'anta ne, kamar yadda suka saba, suka riƙe albashi da kuɗin Sallah har azumi ya kusa ƙarewa. Ranar da aka biya, kuɗin motar arewa ya riga ya ninka ya sake ninkawa. Jorna ta zaga ofisoshin motoci na mahaɗar Chowrasta ɗaya bayan ɗaya, bakinta a bushe, ko'ina amsar ɗaya ce: babu kujera, ko kuma akwai amma a farashin da zai cinye har rigar da ta saya wa Tuni.

Parul, wadda suke ɗaki ɗaya, tuni ta warware tata matsalar. Motar siminti ce za ta koma arewa babu kaya, direban ɗan garinsu ne, abin da za a ba shi bai taka kara ya karya ba.

"Ki zo mu hau, Hajiyar gayu," in ji Parul tana ɗaure ƙunshinta. "Araha ta gaskiya ke nan, kina ganin motar da idonki kafin ki biya. Ƙura ce kawai, ita ma wanka ɗaya ne."

"In sauka a ƙofar gida fari fat kamar fatalwa? Yarinyar da ko yanzu ɗari-ɗari take yi da ni?"

"Oho dai. Gara fatalwar da ta zo."

Jorna ba ta bi ta ba. So take ta sauko daga mota mai kujera, zanen sarinta a goge, gashinta da mai, Tuni ta kalle ta ta ji daɗin cewa wannan ce uwarta. Wauta ce ko ba wauta ba ce, abin da ke ranta ke nan.

A nan wani mai sayar da tikiti, Mojid, ya shigo. Teburinsa na ƙarƙashin lema, dab da ƙofar wani kamfanin motoci, har mutum ya ɗauka na ciki ne. Haƙoransa sun yi jawur da taunar ganyen pan, goron mutanen ƙasar, bakinsa kuwa zuma. Ya nuna mata hoton doguwar mota a waya, mai sanyi, mai labule.

"Rabin kuɗi, ƙanwata. Kujerar taga. Safiyar talatin ga azumi za ta tashi, kafin magariba kina gida, ki sha ruwa da 'yarki, ki ƙunsa mata lalle."

"Me ya sa rabin kuɗi?" Jorna ta tambaya, don ita ko albasa ba ta saye sai ta juya ta.

"Mutane ne da gaggawa, kowa yana son ya riga kowa. Ranar ƙarshe motoci wayam suke tafiya."

"In kuma aka ga wata ranar ashirin da tara fa?"

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Bana? Duba kalandar bangon can, talatin aka buga. Bara ashirin da tara aka yi, ai ba a jerawa. Ko ma an gani, wallahi motar nan sai ta tashi, ni ne nan."

Ta biya. Ya ba ta takarda mai launi da hatimi har biyu, ta naɗe ta cikin bakin sarinta.

Gidan hayar ya fara watsewa. Parul ta tafi, matan ɗakin kusa suka tafi, har mai shayin ƙofar gida ya kife bencinsa. Jorna ta rage ita kaɗai a layin ɗakunan, tana dafa shinkafa ɗan kaɗan, tana shan ruwa babu mai ce mata sannu. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma tana ta gaya wa kanta saura kaɗan.

Yammacin ashirin da tara ta hau rufin gidan da kofin ruwa da ɗan dabino. Iyalan mai gidan na can, su 'yan gari ne, ba su da inda za su. Yaransu na ta tsalle suna nuna yamma, kowa yana son ya riga gani. Duk faɗin ƙasar nan mutane na roƙon Allah ya nuna musu jinjirin wata, Jorna kuwa tana tsaye a gefen tankin ruwa tana roƙon ya turo gajimare. Ta ji kunyar addu'ar, amma ba ta fasa ba.

Gajimaren ya zo, ya rufe yamma ruf. Har ta fara sakin numfashi.

Sai wayar mai gidan ta yi ƙara, ta matarsa ma ta yi. Can lasifikar masallaci ta ɗauka: an ga wata a wata gunduma ta kudu, gobe Sallah. Yara suka kaure da ihu, wani ya kunna abin tartsatsi a ƙasa. Matar mai gidan ta rungume Jorna tana mata barka, Jorna ta amsa da baki kawai. Ta kira lambar Mojid, a kashe.

Duk da haka ta tashi da asuba ta yi wanka, ta sa sarin da ta goge, ta ɗauki jakarta. Ai ya rantse.

Babban titin da kullum ba a iya tsallake shi yau karnuka ne kwance a tsakiyarsa. Maza cikin fararen kaya suna wucewa filin idi, ana jin ƙanshin turare da na semai, taliyar Sallah da ake dafawa da madara da sukari, daga tagogi. A Chowrasta babu lema, babu tebur, sai jan tofin pan a ƙasa. Ƙofar kamfanin a garƙame, wani tsohon mai gadi yana zaune a bakinta. Ta miƙa masa takardar, ya juya ta gaba da baya.

"'Yar nan, wannan ba tamu ba ce. Mu ba ma sayar da tikitin ranar talatin sai mun ji labarin wata. Wane direba zai bar idi ya kama hanya?"

"Mojid fa, Baba? Mai tebur a nan?"

"Duk shekara yana zuwa. In azumi ya cika, ya cusa mutanensa a kowace irin mota ya samu. In an ga wata, sai ya ɓace, shi ma ai yana da gari." Ya mayar mata da takardar. "Ku biyar ke nan yau. Da yamma wataƙila a samu mota, amma sai kin sake biya."

Abin da ya rage mata ba zai kai ta ya dawo da ita ba, masana'anta kuma ba ta jiran kowa. Ta tsaya ta daɗe da jakar a hannu. Daga baya ta zauna a kan dakalin wani shago da ke rufe, ta kira Rehena.

"Kina ina? Tun jiya muke duban hanya."

Jorna ta gaya mata a taƙaice. Rehena ta ce, "Allah ya isar miki. Bari in ba ki ita."

Wannan karon ba a lallashi Tuni ba. Sallah ce, ranta fes, surutu take ji. Ta ba da labarin lallenta da awarwaronta, da akuyar maƙwabta da ta cinye furen da aka sa mata a gashi. Jorna ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta danne wayar a kunne, ta toshe bakinta da gefen sari don kada yarinyar ta ji.

"Ke ba ki yi Sallah ba?" Tuni ta tambaya.

"Na yi, 'yata."

"Kin sha semai?"

"Ban sha ba tukuna."

Yarinyar ta ji tausayinta, da gaske. "Ayya. To wata rana ki zo gidanmu ki sha. Mamata ta iya dafawa."