Dastur a Bakin Ƙofa

Kwana shida a mako Gidaɗo maigadi ne a wani dogon bene a unguwar masu kuɗi ta Mohandessin, yana buɗe ƙofa yana wanke motocin mutane. Ranar Juma'a kuwa, da an sauko daga masallaci, sai ya hau kujera ɗaya tilo mai hannu a ɗakin taron Ƙungiyar Hausawan unguwar Ard al-Liwa, fanka na kaɗawa a kansa, ana ce masa ranka ya daɗe. Shekara takwas ke nan, kuma yana son yinin nan kamar ransa.

Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya rubuta mata tsarin mulki, wanda suke kira dustur da Larabci. A shafi na biyu ya sa cewa shugaba ba zai wuce zango biyu ba, shekara huɗu-huɗu. Ranar da ya rubuta bai zaci takwas za ta cika da wuri haka ba. Da ta cika, dattawa suka same shi suka ce Juma'a mai zuwa za a soke layin nan ya zarce, khalas, shi ke nan. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, amma murmushinsa ya riga bakinsa ba su amsa.

Ranar Alhamis da la'asar ya tarar da 'yarsa Hiba, mai karatun tarihi a jami'a, tana zagaye falo da takarda a hannu. Mahaifiyarsa, Inna Awadiyya, tana zaune a ƙasa tana tsinkar lalo.

"Baba, zauna ka saurare ni. Ranar Lahadi zan yi bayani a gaban aji, a kan kafuwar gwamnatin Amurka."

Ya zauna da niyyar gyangyaɗi. Ta ba shi labarin yadda wakilai suka taru a Filadelfiya bayan sun rabu da sarkin Ingila, suka yi wata kusan huɗu suna gardama kafin su gama rubuta dustur. Ta ce janar ɗin da ya ja yaƙinsu, Washington, shi ya zama shugaba na farko, ya yi shekara takwas ya koma gonarsa.

Gyangyaɗin ya gudu. Gidaɗo ya ce, "Dustur ɗin ne ya kore shi."

"A'a. A lokacin babu layin da ya hana shi zarcewa. Ya gaji dai, jaridu sun dame shi, amma shi da kansa ya ce ya isa."

"Waliyyi ke nan?"

"Ina! Gonar da ya koma bayi ke noma ta. Wannan ma zan faɗa a aji."

"To, kin gani!" in ji shi, har da gyara zama.

"Na gani, Baba. Mai irin wannan laifin ma ya iya sauka."

Ya dube ta da kyau. "Wa ya aiko ki?"

"Malamin tarihi."

Inna Awadiyya, da kunnenta ya yi nauyi, ta ɗago kai. "Wai wa ke ta dastur, dastur tun ɗazu? Ku ce ya shigo mana!"

Hiba ta yi dariya har takardar ta faɗi. A Gadarif ta Sudan, inda tsohuwar ta tashi, dastur namiji ke cewa a bakin ƙofa, yana neman izinin mutanen gida kafin ya shiga.

"Inna, dustur nake cewa, dokar ƙasa."

"Ni dai abu ɗaya na ji. Mai cewa dastur ya san gidan ba nasa ba ne. Ya tsaya a ce ya shigo, ya yi abin da ya kawo shi, ya fita. Baban Hiba, miƙo min tiren can."

Ya miƙa mata. Miyar lalon ta yi daɗi a ranar, amma loma uku ya yi ya wanke hannu.

Ranar Juma'a ɗaki ya cika. Dattijo Malam Muhammadu ya miƙe da takardar dustur da alƙalami. Gidaɗo ya shafa hannun kujerar, wanda tafinsa ya goge har ya yi santsi, ya tuna gobe Asabar, da bokiti da tsumma. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron ya zama maigadi kwana bakwai a mako.

"Malam Muhammadu," ya ce, "mayar da alƙalaminka aljihu. Na ce dastur kun ce in shigo. Lokacin fita ya yi."

Ya ajiye hatimin ƙungiya a kan tebur, ya miƙe. Aka yi ca, aka roƙe shi, har wata tsohuwa ta yi kuka. Yana jin daɗin roƙon, shi ya sa ma ya ƙi waiwayen kujerar. A ƙarshe aka ɗaga hannuwa don zaɓen sabon shugaba, Mahasin ungozoma ta ci, wadda ta yi shekara da shekaru tana ja da shi a kan komai daga can bencin baya. Bai zaɓe ta ba, kuma abin ya yi masa ciwo.

Juma'ar da ta biyo ya zo a makare. Ƙafarsa ta nufi kujerar da kanta, sai ya ga Mahasin a kai. Ya ja baya ya tsaya a bakin ƙofa.

"Dastur."

Kowa ya waiwayo.

"Shigo, Malam Gidaɗo," in ji Mahasin. "Akwai wuri a baya."

Ya zauna tsakanin wani tela da wani ɗalibi. Minti goma bai cika ba gumi ya jiƙa masa jallabiya. Ya dubi rufi, ya dubi mutanen da ke fifita da kwali, sannan ya ɗaga hannu ya jira har aka ba shi izini.

"Ranki ya daɗe, fankar nan ba ta kawowa baya."

"Shekara takwas muna faɗa," in ji ta.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Tela ya yaga kwalinsa biyu ya miƙa masa rabi, Gidaɗo ya karɓa yana dariya shi ma.