Hawayen Kaka

Zanen Kaka ya fi kowa daɗewa a falon gidan. Tun kafin a haifi jikarsa Auta yake rataye a ƙusa ɗaya, daidai inda rufi yake yoyo. Duk damina ruwa sai ya biyo bango ya ratsa katakon zanen, har ya bar dogon tabo daga idon Kaka na hagu zuwa gemu.

Gwaggo ta ce hawaye ne. Duk jikan da ya daɗe bai leƙo gida ba, sai ta ja shi gaban zanen. "Dubi abin da kuke sa bawan Allah yi, yana kabarinsa."

Auta ta gaji da cewa kwano ne ya ɓule. Fenti ya fara ɓarewa, ƙyallen ya yi funfuna, ta san nan gaba kaɗan ba Kaka ba hawayensa. Ran nan ta sauke zanen, ta naɗe shi a zanin gado, ta kai wa mai gyara.

Mutumin ya yi makonni yana bin fuskar da auduga a tsinke, yana liƙe fentin da ya tashi. Da ta zo ɗauka ya ce, "Ni na yi nawa. In aka mayar da shi bangon nan, kada ki dawo min da shi. Ba abin da zai rage."

Aka taru a falo. Kaka ya fito fes, har da ɗan murmushin da datti ya ɓoye.

"Wannan kuma wane ango ne?" in ji Kawu.

"Babanku ne, Kawu. A kai shi wancan bangon, ko a gyara rufin."

"Rufi ai ana kan magana."

"Tun ina firamare ake kan maganar."

"Ke dai da baki. Da hannunsa ya buga ƙusar nan. Mu ne za mu canja masa wuri?"

Auta ta bari suka fita, ta zare ƙusar ta jefa a kwata. Kawu bai yi faɗa ba. Ya sayo sabuwa, ya laluba ramin tsohuwar, ya buga, ya mayar da zanen.

Washegarin ruwan farko Auta ta tarar da Gwaggo tsaye gaban zanen, fuska a sake.

"Zo ki gani, 'yar boko. An goge, an goge, ga shi ya dawo. Yanzu ma ido biyu ne."

Auta ta ɗaga kai ta dubi silin da ya jiƙe.

Gwaggo ta dafa kafaɗarta. "Ni dai ban ce ke kika sa shi ba."