Jiƙon Inna da Ƙwayar Majo

Sunan mijina Alhasan. Na faɗa sau ɗaya don ku san wanda ake magana, daga nan kuma Baban Zuwaira zan riƙa cewa kamar yadda na saba. Direban motar haya ne, kullum yana kan hanyar Gure zuwa Damagaram da mutum goma sha tara a bayansa, ban da kaji da buhunan dabino a saman mota. Ba ya tsoron jandarma, ba ya tsoron ramin kwalta, amma in ya ji tarin mahaifiyata daga bayan zana sai ya rasa inda zai sa hannunsa.

Shekara goma sha biyu da aurenmu, tsakaninsa da Inna gaisuwa ce kawai, yana tsugune, idonsa a ƙasa. Ba ya cin abinci inda za ta gani, ita ma ba ta taɓa fuskantarsa da magana ba. In tana da saƙo sai ta ce, "Kaltumi, ce wa mutumin nan kaza," ko da kuwa mutumin nan yana tsaye taku uku daga inda take. Ni ce wayar da ke tsakaninsu.

Bara aka gano yana da ciwon sukari. Majo Dauda, babban ma'aikacin jinya na asibitin da muke zuwa, ya rubuta masa wata ƙaramar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ya ce lallai ya bi ta da abinci. Ƙwayar ta karɓe shi, ya daina tsayar da mota kowane gari don kama ruwa. Muna zaman lafiyarmu har labarin ya kai Alakoss, inda Inna take wurin yayana da dabbobinsu.

Ranar kasuwa sai ga ta da ƙunshi a ka. Da ma na san za ta zo, domin wannan ciwon ne ya ɗauke mahaifinmu a daji ina ƴar shekara tara. Ta kwance ƙunshin a tsakar gida: garafuni, shuwaka, hulba, da wani ɓawon itace da ni ma ban san sunansa ba. Washegari da sassafe ta tace jiƙonta a cikin kwanon shanta mai murfi, ta miƙo mini.

"Kai wa mutumin nan. Ki ce mishi kada ya rage."

Na kai masa zaure. Ya riga ya haɗiye ƙwayar Majo. Ya buɗe kwano, ya sinsina, ya dube ni kamar mai neman ceto, ni kuwa na dubi rufin zaure. Ya yi bismillah ya kafa kai. Ɗacin abin har kunnuwansa sai da suka motsa. Na kawo ɗumame, ya ce wallahi ko loma ɗaya ba za ta wuce ba, ya ɗauki makulli ya fita.

Kada ku ce me ya hana shi zubarwa. Inna tana zaune bayan zana tana sauraron maƙogwaronsa, kuma in kwano ya dawo sai ta karkata shi ta duba. Ban da haka ma, mutumin da surukarsa ta ɗauko masa magani tun daga Alakoss, da wane ido zai zubar? Ni ma ban ga laifi ba, har murna nake yi. Cewa nake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga na asibiti ga na gida, ciwo ya shiga uku.

Ashe mu ne muka kusa shiga uku. A rana ta tara, wajen hantsi, suna gab da Gidimuni, gumi ya karyo masa, hannuwansa suka kama rawa, hanya ta zama biyu a idonsa. Allah ya taimaka ya samu ya sauka cikin rairayi ya kashe mota. Wata fasinja da mijinta ke da irin ciwon ita ta gane, ta tura masa sukari a baki. Wani abokin aikinsa ya ƙarasa da fasinjojin, shi kuma aka dawo da shi Gure. Da aka kira ni, da takalmi wari da wari na isa asibiti.

Majo Dauda ya gama auna shi, ya zauna yana juya karne, wato ɗan littafinsa na asibiti.

"Shofer, sukarinka faɗuwa ya yi, ba hawa ba. Ka ƙara yawan ƙwaya ne?"

"A'a, Majo."

"To mi kake sha ban da ita?"

"Ba komi," in ji Baban Zuwaira, ko ƙifta ido bai yi ba.

Na gane abin da ke ransa. A wurinsa faɗin gaskiya kai ƙarar suruka ne. Ni kuwa uwata ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zayyana wa Majo komai, har da ɓawon da ba shi da suna. Mijina ya harare ni, na mayar masa.

Majo bai yi faɗa ba. Ya ce ƙwayarsa aikinta sauke sukari, wasu daga cikin ganyayen nan su ma suna saukewa, sai aka taru aka yi wa jini taron dangi, ga ciki babu komai. Ƙwaya an san awonta, jiƙo kuwa yau ya yi kauri gobe ya yi tsinke, ba wanda ya san ƙarfin da ke cikin kwanon.

"Ban ce ganye banza ba ne," in ji shi. "Da banza ne da bai kada kai ba. Amma in ka sake haɗa su, kada ka taɓa sitiyari. Yau rairayi ka samu, gobe kila kamiyo ne, babbar motar kaya, a gabanka."

Sai mijina ya ce, "Majo, ba a iya aje ƙwayar har tsohuwa ta koma gida?"

Majo ya cire tabarau ya dube shi, sannan ya dube ni kamar mai yi mini jaje. Ya ce ko kwana ɗaya bai yarda ba.

A hanyar gida Baban Zuwaira ya ja mini kunne: kada Inna ta ji. Zai sha, Allah zai kiyaye. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni sosai, domin na san shi. Zai iya mutuwa da ladabinsa, ya tafi da mutum goma sha tara.

Da la'asar, da ya fita masallaci, na sami Inna tana gyara ganyen gobe. Na durƙusa na faɗa mata duka. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Ta ɗaure ƙunshinta, ta ce in ɗauko mata mayafi in raka ta wurin wannan Majo.

Ta baje masa kayan a kan tebur, ta yi masa tambaya kamar alƙali. Wannan fa? Wannan fa? Ya amsa wanda ya sani, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, abin da ya sa ta fara ganin girmansa ke nan. A ƙarshe ta ce, "To ni mi zan yi mishi? Ubansu ina kallo ya bushe a hannuna, ban da abin ba shi sai ganyen nan." Majo ya ce ta tsare masa ƙwaya da karin kumallo, wannan ma babban aiki ne, don direbobi ba sa jin magana.

Da safe ta miƙo mini kwanon nan mai murfi, ga wani akushi a kai.

"Kai wa mutumin nan."

Baban Zuwaira bai san an yi komai ba. Ya ga kwano, ya haɗiye yawu, ya yi bismillah irin ta mai shiga rijiya, ya ɗaga murfi. Ruwa ne fari tas. A kan akushin ga ƙwayar Majo a ƙulle cikin ƴar takarda, a ciki kuma ɗumamen tuwon gero da miyar kuka. Ya ɗago yana dubana, sai muryar Inna ta fito daga bayan zana, kuma ba da ni take ba.

"Ka sha, ka cinye tuwon nan duka. Na yi takaba, ba na son ɗiyata ta yi."

Ya aje murfin. Sannan ya haɗiye ƙwayar, ya wanke hannu, ya ci tuwon yana share ido da bayan hannu, Inna tana jin kowace loma. Da na mayar mata da akushin sai da ta karkata shi, ta duba.