Bangon Shu'aibu

Mijina Shu'aibu mai zanen motoci ne a tashar Maraɗi. Da farko zaki da dabino yake yi wa direbobi, kamar kowa. Shekarar da rediyo ta ce mutane sun taka wata, sai ya kamu da kallon siniman masu tafiya sama, hannunsa ya sake. Ya koma zana rumbunan gero masu wuta a gindi suna tashi, da manoma sanye da kwalba a kai suna huɗa a bisa tauraro. Wasu direbobi suka guje shi, wasu kuma har daga Ɗan Issa suke nemansa.

Mota kuwa tsufa take yi a sake mata fenti. Shi ya sa ya yi babban aikinsa a bangon gabas na ɗakinmu, nan Madarunfa. Shekara uku yana yi da ragowar fenti. Ya zana tafkin garinmu cikin wani ƙaton jirgi, da kifinsa da masuntansa, ana kai shi wata duniya. Ni ce zaune gaba, riƙe da linzami.

Ya rasu a shekarar fari, 1974. Bangon nan kaɗai ya rage daga aikinsa, shi nake kallo duk tsawon takabata.

A gidansu, ranar da mace ta fita takaba, mata kan yaɓe mata ɗaki sabo. Tun saura mako na sami yayarsa, Ɗelu.

“Yaya, don Allah a bar mini bangon gabas.”

“To, Balaraba, na ji,” in ji ta.

Ranar fitar na tafi gidanmu wanka da kitso. Da la'asar na dawo, na tarar da ɗaki fari fat, yana warin ɗanyar ƙasa. Mata na tsakar gida suna jiran godiya.

“Yaya, mi kuka yi?”

“Gyara muka yi miki. Wa zai aure ki da aljannun ga bisa kanki?”

“Na ce miki miji nake nema?”

“Ke da aka ba linzamin jirgi, ai sai ki tashi ki bi shi,” in ji wata, suka yi dariya.

Na ɗauki tulu na watsa wa bangon ruwa, na shiga dirza da tsumma. Yaɓen bai bushe ba, na san fentin mota ba ya jin ruwa. Na dirza har ƙasa ta zubo, ban ga komai ba sai tubali.

Ɗelu ta tsaya bakin ƙofa. “Kada ki wahal da kanki. Laka ba ta kama fenti, sai da muka kankare da hauya. Tun hantsi muke fama.”

Wai tun hantsi, kamar ni zan yi mata sannu. Shu'aibu ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ta ga shekarun da ya yi tsaye gaban bangon nan, kuma ta ce mini to.

Na tafi juji inda suka zubar da abin da suka kankare. Na tsinci ɓarɓashi cikin ƙwarya guda, shuɗi da ja, babu wanda ya kai tafin hannu. Kwana biyu ina jerawa bisa tabarma, ko wutsiyar kifi ban haɗa ba.

Rana ta uku na ɗaure kayana na bar gidan. Ɗelu ta aiko sau biyu a ba ni haƙuri. Na ce a gaya mata na ji.