Igiyar Sa a Hannuna

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba.

Shekarar da jiragen siminti suka cika tashar ruwan Legas, wani ɗan kwangila ya aiko babbar mota Daura ta kwashi leburori zuwa can. Abokina Badaru ne direban, ya sa sunana. Ya ce ana sallame azahar za su tashi, kuma ba za su sake dawowa ba. Na gaji da kara, inda babana ke dillancin shanu, na gaji da warin kashi. Na ɗaure kayana tun da safe.

Na biya kara in yi wa Baba sallama, na tarar ya fita ƙauye. Sai ga wani tsoho, Malam Mati daga garin Babban Mutum, janye da jan sa. Bai taɓa zuwa Daura ba, ya tambaye ni me ake gani a garin. Ni kuwa da daɗin tafiya a raina na saki baki. Na yaba masa rijiyar Kusugu, na kwatanta masa sabon famfo da ke zubo ruwa ba guga, da asibiti, da rumfar mai furar da babu irinta.

Tsoho ya ɗora mini igiyar san a tafin hannu. "Amana, ɗan dillali. Yanzu zan dawo."

Kafin in buɗe baki ya shige cikin mutane.

A kara ba a miƙa amana hannu na biyu. In san ya ɓata, sunan Baba ne ya ɓata, shekara talatin yana gina shi. Na tsaya. San na tuƙa abinsa hankali kwance, ni ina ta leƙen hanya kamar mai jiran haihuwa.

Aka kira azahar. Badaru ya zo da kansa, ya ce in ɗaure dabbar a turke mu wuce. Na dubi turken, na dubi igiyar, hannuna ya ƙi buɗewa. Ya yi tsaki ya juya. Ina jin motar ta yi oda sau uku, sannan ƙararta ta bi hanyar Kano. Wallahi sai da na yi hawaye.

Bayan la'asar Malam Mati ya dawo, gemunsa jiƙe da ruwan Kusugu, yana ta murmushi. Duk wurin da na faɗa sai da ya je. Ya karɓi igiyarsa ya sa mini albarka.

"Ka yi gaskiya, yaro," in ji shi. "Mai gari irin wannan, me zai fitar da shi?"

Na ɗauki ƙunshin kayana na nufi gida.