Awa Ɗaya a Mafitsara

Dogo mahauci bai iya zaman benci ba, balle na asibiti. Wata huɗu mahaifiyarsa tana fitsarin jini, yau kuma nas ta ɗura mata wani magani a mafitsara ta siririyar roba, ta ce ta riƙe shi awa ɗaya cur, kada ta yi fitsari. Maganin ne zai sa wurin ciwon ya yi ja idan likita ya haska shuɗiyar fitila a ciki. An yi wa Dogo bayani, ta kunnen hagu ya shiga, ta na dama ya fice.

Minti ashirin da ɗurawa ya jiyo nishin Inna. Ya banke ƙofa har ta daki bango.

"Me kuka zuba mata? Ga shi nan yana bin jininta!"

"Malam, matsuwa ce kawai, ka fita ka..."

Bai bari nas ta ƙarasa ba, ya zabga mata mari da hannun da ya saba danne bijimi. Ta faɗa kan teburin kayan aiki, almakashi da kwanonin ƙarfe suka watse a ƙasa. Mai gadi ya shigo da gudu, Dogo ya cakumi wuyan rigarsa ya gwara masa kai, hancin mutumin ya fashe. Tsoro ne fal cikin Dogo, shi kuwa tsoronsa a hannu yake fita.

"Dogo, bari! Kada ka taɓa ni!" in ji Inna.

Ina! Ya sungume ta zai yi waje da ita. Yana matse ta a ƙirji, abin da take ta riƙewa ya kwance. Ruwan ya bi zaninta, ya bi ƙafafunsa, ya malale a kan siminti, jaja-jaja.

Nas ta tashi zaune, ta tofar da jini.

"Kai da kake fiɗa kullum, ka taɓa ganin mafitsarar saniya tana yoyo? Abin da jiki ke sha a maganin nan bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran fita yake yi. Kuma kwalbar ƙarshe ke nan, sai bayan wata biyu za a kawo wani."

Dogo ya sauke Inna a hankali. Sau dubu ya ciro mafitsara cike tam, bai taɓa ganin ta jiƙa nama ba. Masu gadi uku suka murɗe masa hannu ta baya, ko motsi bai yi ba.

Inna ba ta dube shi ba. Ta ja jiƙaƙƙen zaninta ta rufe gwiwa, kunya ta ishe ta.

"'Yar nan, saura minti nawa ne?"

"Arba'in, Inna."

Tsohuwar ta kalli ruwan da ke ƙasa.

"Wallahi da ya bar ni, da na iya," ta ce.