Kwamfutar Marigayi Husaini

A Tanut, duk wanda ya zo da tsohuwar kwamfuta, gidan Mushe Abdulgafar ake nuna masa; Mushe ake ce wa malamin boko a can. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a kolej, da ya ajiye aiki sai ya mayar da zauren gidansa matattarar na'urorin da ofisoshi suka gaji da su. Yakan kwance wannan ya ɗaura wa waccan, har wadda aka fid da rai da ita ta buɗe ido. Yana jin daɗin a yabe shi a kan haka, kuma abokan hirarsa sun san wannan.

Wata ranar kasuwa, bayan kaka, wani dattijo makiyayi mai suna Attahir ya yi sallama a zauren da buhu a kafaɗa. Daga Tenhya ya fito a motar kasuwa. Ya sauke buhun a hankali, ya warware wani tsohon bargo, sai ga akwatin kwamfuta wanda farinsa ya koma ruwan ƙasa.

"Mushe, ta ƙanena ce, Husaini, Allah ya jiƙansa," in ji Attahir. "Malamin dabbobi ne a da. Da aikin rigakafin da yake yi ya ƙare, aka bar masa ita. Kafin kakarmu ta rasu, ya zaunar da ita ta faɗa masa asalinmu da rijiyoyin da kakanninmu suka gina, ya rubuta duka a ciki. Matarsa Ummu ce ta adana ta shekara ashirin da wani abu. Yanzu jikoki sun girma suna tambaya, mu kuma mun fara mantuwa."

Abdulgafar ya shafa akwatin, ya dubi abokinsa Idi da sauran masu zama a tabarma.

"Irin wannan ina ido rufe nake haɗa ta," ya ce. "Malam Attahir, ka dawo kasuwa mai zuwa, ka tarar da ita tana magana."

Washegari da hantsi ya sa turnabis ya warware kusoshi, ya kwance murfin. Cikin ya fi yadda ya zata tsabta, sai ɗan yashi a kusurwa. Akwatin wutar ne kawai ya mutu. Ya ɗauko wani irinsa a cikin tarkacensa, ya ciro babban allon da komai ke hawa kansa, ya hure shi, ya mayar. Irin waɗannan tsofaffin alluna da filogi biyu ake ba su wuta, kowane da wayoyi shida, a jere kafaɗa da kafaɗa. Yana cusa su yana ba Idi labarin wani direktan lakwal, wato shugaban makaranta, da ya taɓa kunyatawa. Ya jona gilashin kallo, ya danna makunni.

Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Wani siririn ƙauri ya taso, kamar an ɗora roba a garwashi. Abdulgafar ya zare wayar daga bango da sauri.

"Mene ne?" in ji Idi.

"Ba komai. Ƙura ce ke ƙonewa."

Ya sake dannawa. Gilashi baƙi ƙirin, babu ko ɗan kukan nan da kwamfuta ke yi in ta farka.

Kwana biyar ya yi a kanta. Ya ciro ƙananan allunan ƙwaƙwalwa ya goge haƙoransu da abin goge fensir. Ya canja ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci. Ya canja gilashi, ya canja igiyarsa, ya cire duk abin da za a iya cirewa ya bar allon tsirara. Shiru. Ko'ina ya duba, ban da filogan nan biyu. Duk sanda idonsa ya nufi wajen, sai ya tuna ƙaurin, ya kau da kai ya kama wani abu.

Ranar kasuwa Attahir ya dawo da ƙwaryar cuku a matsayin tsaraba. Zauren cike yake da mutane, kowa na jiran ya ga abin da aka yi alkawari. Abdulgafar ya ji idanu a kansa, bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Malam Attahir, kun kashe ta tun kafin ta iso hannuna. Na'ura ce fa, ba sirdin raƙumi ba. Shekara ashirin a cikin bukka, damina ta jiƙa ta, rana ta gasa ta. Wanda ya ajiye ta bai san darajarta ba."

Wani ya yi 'yar dariya. Attahir ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya sunkuyar da kai.

"Ka yi haƙuri, Mushe. Mu mutanen daji ne, ba mu sani ba. Mun wahalar da kai."

Ya ajiye cukun, ya ce a bar na'urar a nan ko wani abu a jikinta zai yi wa wani amfani, ya fita.

Da azahar matar Abdulgafar, Salamatu, ta kawo masa tuwo zaure, ta same shi zaune ya zuba wa akwatin ido.

"Malam, na ji abin da ka faɗa wa bawan Allahn nan," ta ce. "Ranar da ka buɗe ta kai da bakinka ka ce mini ba ka taɓa ganin tsohuwa mai tsabtar wannan ba."

Da ta koma ciki, ya jawo akwatin gaban ƙofa inda haske yake, ya leƙa. Ƙa'idar filogan nan ya san ta tun yana saurayi: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, baƙi kusa da baƙi. Nasa kuwa baƙaƙen suna can gefe da gefe, jajaye a tsakiya. Ashe juya su ya yi ranar da ya cusa su. Wutar da ya kamata ta bi nan ta bi can, ta ƙone allon tun dannawar farko. Kusa da filogin ga ɗan tabon ƙuna kamar ƙwayar gero.

Ya daɗe a durƙushe. Ba kuskuren ne ya fi cin sa ba. Hancinsa ya faɗa masa gaskiya tun ranar farko, ya sani, ya kuma ɗauki laifin ya ɗora wa baƙon da ya zo masa da amana. Tuwon ya huce a inda aka ajiye shi.

Abu ɗaya ya rage: faifan da ke ɗauke da rubutun yana shan wuta ta wata igiya dabam, mai yiwuwa ya tsira. A kan kabad akwai kwamfutarsa ta farko, sa'ar wannan, wadda ba ya barin kowa ya taɓa. Ya sauko da ita, ya cire faifanta, ya sa na Husaini. Ya kwafe lambobin da ke jikin takardar faifan ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ya duba sau uku, ya yi bisimilla ya danna. Ta yi ɗan kuka. Faifan ya yi gurnani, fararen haruffa suka hau gilashi. Rubutun na nan, shafi arba'in da biyu cikin Faransanci. Bai ji murna ba, sai nauyi.

Ya kwashe rubutun, ya kai aka buga a takarda, ya aika wa Attahir saƙo ta bakin direban motar Tenhya. Ranar kasuwa ya tabbatar Idi da sauran suna zaure kafin dattijon ya shigo.

"Malam Attahir, a gaban mutanen nan na yi maka ƙarya, a gabansu zan janye ta. Lafiya lau kuka kawo ta. Ni na juya wayoyi na ƙone ta, kuma na ji ƙaurin tun ranar. Ka yafe mini."

Idi ya duƙar da kai yana wasa da carbi. Attahir ya karɓi takardun da hannu biyu, ya juya su, bai iya karantawa ba.

"Ni na yafe, Mushe. Sai dai maganar ba a kaina ta tsaya ba. Da na koma gida, abin da ka faɗa mini shi na faɗa wa Ummu, a gaban 'ya'yanta, har na ƙara da nawa. Matar da ke ɗora na'urar nan a kan gadonta in ruwa ya sauko, ita ta kwana a zaune. Tun ranar ba ta ɗaga ido ta dube ni ba."

Abdulgafar ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"In ka yarda, zan bi ka," ya ce.

Da la'asar suka hau bayan motar kasuwa, tsakanin buhunan gero da jarkoki. Suka kwana a Tenhya, da safe suka ƙarasa mazaunin a ƙafa. Ummu tana zaune a inuwar bukka tana kaɗa nono, ƙaramar tsohuwa mai siraran hannuwa. Abdulgafar ya cire takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan, ya faɗi abin da ya yi tun daga farko, bai rage komai ba. Ta saurara ba ta daina kaɗawa ba.

"Ashe ban lalata ta ba," ta ce daga ƙarshe, da Hausarta ta kasuwa.

"Ba ki lalata ba, Inna. Ban taɓa ganin wadda aka adana kamarta ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta aika aka kira 'ya'ya da jikoki, suka zauna a yashi. Abdulgafar ya riƙa karantawa yana juyawa zuwa Hausa, Attahir yana mayarwa cikin harshensu inda ta kakare. Sunayen rijiyoyi, shekarar da fari ya cinye shanu, wanda ya auri wa. A shafi na goma sha tara Husaini ya rubuta ranar da aka kawo masa Ummu tana amarya, da cewa ta ƙi hawa raƙumi sai da aka ɗora mata ɗan akuyarta.

Jikokin suka fashe da dariya. Ummu ta ajiye gorar nonon.

"Sake karanta wurin nan," ta ce.

Ya sake karantawa. Da rana ta take aka kawo masa nono a ƙwarya, ya sha kansa a ƙasa. Sai washegari suka gama shafi na arba'in da biyu.